Nauyin Mota Ba Ya Jin Oda

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ina tsaye a bakin wani lungu a Kusfa sai ga tifa cike da yashi ta kunno kai, za ta kai wa masu gini. Tafiyar hawainiya take yi, wadda mai keke zai iya wuce ta. Wani yaro ya tsallaka a guje yana bin ƙwallo, direba ya taka birki, motar ta yi gunji amma ta ci gaba da matsowa kamar ba da ita ake ba. Allah ya kiyaye, wani dattijo ya fizgo yaron. Da hankali ya kwanta sai na ji direban yana rantsuwa cewa shi ba gudu yake yi ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar tasa ba ta isa ba.

Duk wanda ya taɓa lura da 'yan ga-ruwa a cikin birnin Zazzau ya riga ya san rabin wannan karatu. Kura mai jarka goma sha biyu, kowace lita 25, tana ɗauke da kilo 300 na ruwa. Kafin ta motsa sai mai ita ya dage da iya ƙarfinsa, in kuma ta kama gangara sai ka ga yana tirjiya da ƙafa, ita ke jansa. Idan ya sauke ruwan, da hannu ɗaya yake komawa da ita. Abin da Isaac Newton ya rubuta ke nan a littafinsa na shekarar 1687: gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin da ake bukata a motsa shi, ko a tsayar da shi, ko a karkata shi. Injin da ke fizgar mota fanko cikin daƙiƙa goma, in an ninka nauyinta sai ya bukaci kusan daƙiƙa ashirin kafin ya kai ta wannan gudun. Shi ya sa direban tirela da ya fito daga Kaduna ba ya son a tsayar da shi a Ɗan Magaji, domin ya san wahalar sake tashi.

Tashin ba shi ne abin tsoro ba. Mota mai tafiya tana ɗauke da wani kuzari wanda dole ya tafi wani wuri kafin ta tsaya, kuma lissafinsa ya rataya ne a kan nauyi da gudu. In nauyi ya ninku, kuzarin ya ninku sau biyu. In gudu ne ya ninku, sau huɗu. Na zauna na buga lissafin da kaina, kuma abin da ya fito ya sa jikina ya yi sanyi. Tirela mai buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30, in an haɗa da jikinta a ce tan 40. Idan tana rarrafe a kan kilomita 20 cikin awa, kuzarin da ke tare da ita daidai yake da na ƙaramar mota mai tan guda da ke sheƙa kilomita 126. Babu uban da zai bar ɗansa ya gitta gaban ta biyun, amma kullum 'ya'yanmu da masu a-daidaita-sahu suna gitta gaban ta farkon, saboda ido yana ganin gudu, ba ya ganin nauyi.

A nan akwai wani ɗan sarƙaƙiya da ɗalibai za su iya kama ni da ita. A bisa takarda, nauyi kaɗai ba ya tsawaita tazarar tsayawa, domin mota mai nauyi ta fi danne kwalta, tayarta ta fi kamu. Wannan haka yake, muddin birkin yana da ƙarfin da ya dace da lodin. Amma aikin birki shi ne mayar da kuzarin tafiya ya zama zafi, kuma an ƙera kowane birki ne don wani iyakantaccen nauyi. Idan aka zarce iyakar, ƙarfe ya yi zafi fiye da kima, kamun ya ragu, direba ya taka ya ji wayam. Sai a ce birki ya tsinke, a ɗora wa ƙaddara, alhali tun a wurin lodi aka tsinka shi.

Haka nan inda aka ɗora kayan. Motar da aka jibga wa buhunan masara a bisa har suka fi ta tsawo, nauyinta ya koma sama, kwana kaɗan ta kife. Tankar da ba ta cika ba ma tana da tata fitinar, man da ke ciki yana tunkuɗa ta gaba bayan direba ya riga ya taka birki.

Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta matsa wa motocin haya su sa na'urar taƙaita gudu, kuma na yaba. Sai dai na'urar ba ta san ko buhu 600 aka ɗora ko 900 ba. A ganina ma'aunin nauyi a bakin manyan hanyoyi ya fi shingen karɓar na goro amfani nesa ba kusa ba.

Game da cikin ganuwa kuwa, ba sai an jira Abuja ba. Lungunan Kusfa da Kwarbai da Kaura an shata su ne tun zamanin doki da jaki, kuma ƙofofin zaurukanmu a bakin hanya suke buɗewa. Masu unguwanni da ƙaramar hukuma suna iya tsayar da lokacin shigar tifa da manyan motoci, a hana su sa'ar da yara ke tashi daga makarantar boko da ta allo, a kuma wajabta wa yaron mota ya sauka ya yi gaba a ƙafa yana kore hanya. Na kai wannan magana gaban mai unguwarmu ranar Juma'a, ya ce zai tara masu gini su zauna bayan sallar Isha'i ta Lahadi mai zuwa.