Jar Fitila Ba Ado Ba Ce

Ga hunturu ya shigo, motoci sun duƙufa jigilar hatsi da tumatir daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Galibinsu kuwa tsofaffi ne, sun sha hanya tun a Turai kafin su iso ƙasar nan. To, akwai wani mugun hali na waɗansu direbobi wanda ya kamata masu kaya su sa ido a kai. Watau in fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, maimakon ya bincika dalili, sai ya liƙe ta da takarda, ko ya sa a cire ƙwan, ya ce ai tsufa ne. Wannan ganganci ne, kuma da dukiyar manomi a ke yinsa.

Fitilun nan iri biyu ne. Ja, ma'anarta a tsaya nan take. In mai siffar buta ce, baƙin mai ba ya zagaya inji sosai, tafiya kaɗan sai injin ya buga. In mai siffar batir ce, batir ba ya samun caji, sau da yawa fambel ne ya tsinke. A tsofaffin motoci da yawa kuwa shi ne ke juya famfon ruwa, saboda haka zafi na biye.

Ruwan ɗorawa kuwa, mai siffar inji, ta kan ba da sarari a kai mota gareji. Amma in tana ƙyaftawa, wuta ba ta cin mai daidai ke nan, sai a sassauta gudu a nemi makaniki maza. Motocin da aka yi domin Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da kafar da a ke jona na'ura ta faɗi inda ciwon ya ke. Makanikin da ya fara sauya kaya bai jona ba, lalube ya ke yi cikin duhu.

Haka nan motar da a ke taka mata totur ta cije, ta yi tari kafin ta ja. Kada a yi saurin kwance inji. A fara da abu mai araha. Ƙurar hunturu ta kan toshe matatar iska, man jarka na bakin hanya ya kan zo da ruwa da datti ya cushe matatar mai. Sa'an nan a duba fulogi. Mai shan gas, kamar tarakta, ba ta da fulogin tartsatsi, ita sai a tsiyaye ruwan matata, a fitar da iskar da ta shiga bututun mai.

Direba ya kan ce in ya tsaya gyara lodi ya wuce shi. Gaskiya ne, amma wuni guda a gareji ya fi kwana 3 a daji. Mai gero ya iya jira, mai tumatirin da ya taso daga Kadawa za shi Legas fa?

Saboda haka mai kaya, kafin a yi lodi, sai ya sa direba ya murɗa makulli. Lalle fitilun su kama duka, inji na tashi su mutu. Wadda ta ƙi kamawa, ko an cire ta ko ta ƙone. Wadda ta ƙi mutuwa, ƙara ta ke kawowa. Ko wanne ya gani, ya nemi wata mota. Rigakafi ya fi magani.