Zoben makokin sarki: hawaye ne ko neman shiga?

A gidajen tarihi na Landan akwai wasu ƙananan zobba na zinariya, ɗauke da fuskar Sarki Charles na Ɗaya, wanda aka fille wa kai a bainar jama'a ranar 30 ga Janairun 1649, bayan ya sha kaye a yaƙin basasa tsakaninsa da majalisar dokoki. Wasu an zana musu ƙoƙon kan mutum a baya, tare da harufan sunansa. Da yawansu 1648 aka rubuta musu, kuma da a teburina na tace labarai aka kawo mini wannan kwanan wata, da na gyara shi na yi kuskure: a Ingila ta lokacin sai ranar 25 ga Maris sabuwar shekara ke kamawa.

Dillalan kayan tarihi kan tallata waɗannan zobba a matsayin shaidar ƙaunar talakawa ga sarkinsu. Ni ban gamsu ba. Kafin a yi wa zobe wannan shaida, ya kamata a tambayi ranar da aka ƙera shi, da abin da mai shi zai iya rasawa idan aka gan shi a yatsansa.

Daga 1649 zuwa 1660 babu sarki a Ingila. Oliver Cromwell da mutanensa ke riƙe da ƙasa, an ƙwace filayen magoya bayan sarauta da dama, an ci wasu tara mai nauyi. Wanda ya sanya fuskar Charles a wannan zamani ya san abin da ya ɗauko wa kansa, shi ya sa aka ƙera wasu zobban da ɗan murfi, hoton na ɓoye a ƙarƙashinsa, ba ya buɗewa sai a gaban wanda aka amince da shi. Wannan biyayya ce mai tsada, domin ubangidan ya mutu, ba shi da muƙamin da zai raba.

Sai ga 1660, ɗansa Charles na Biyu ya dawo daga gudun hijira ya hau karaga. Nan take zoben da ake ɓoyewa ya zama abin ado a fada, maƙera suka ci gaba da buga sababbi, har da na waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba a shekarun wuya. Duk wanda ya taɓa aiki kusa da masu mulki ya san irin wannan jama'a, masu isowa bayan an gama rantsuwa. Abin takaicin shi ne zoben 1650 da na 1665 kan yi kama da juna, ƙwararru ma sai sun yi da gaske kafin su rarrabe.

Zamanin Sarauniya Victoria ya fito da wata fuskar. Mijinta, Yarima Albert, ya rasu ranar 14 ga Disambar 1861 yana da shekara 42, ita kuwa ba ta tuɓe baƙaƙen tufafi ba har mutuwarta a 1901. A lokutan makokin fada, adon da aka yarda mata su sanya shi ne na wani baƙin dutse marar nauyi da ake kira jet, wanda asalinsa itace ne da ya daskare cikin ƙasa, ana haƙo shi a garin Whitby na gaɓar tekun Yorkshire. Kasuwar garin ta buɗe, marasa hali suka koma ga jabu na baƙin gilashi da na roba. Matar da ta rataya sarƙar Whitby a fada ƙa'ida ta bi. Ko ta yi kuka ko ba ta yi ba, sarƙar ba za ta faɗa mana ba.

Ba na cewa duk riya ce. Lokacin da Gimbiya Charlotte ta rasu wajen haihuwa a Nuwambar 1817, tana da shekara 21, jaririnta kuma bai zo da rai ba, mutanen da ba su taɓa taka ƙofar fada ba sun sayi lambobi da ƙananan kayan ado masu sunanta. Ba ta bar wa kowa kujerar da zai nema ba.

Saboda haka nake ganin gidan tarihi ya fi dacewa da waɗannan kaya fiye da akwatin attajiri, da sharaɗin a rubuta gaskiya a gefensu: yaushe aka ƙera, wa ke mulki a lokacin, dole ce ko ganin dama. Amma kasuwa ba ta jiran kowa. A Maris ɗin 2021 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wasu kayan makoki na Victoria kanta, daga tarin iyalin Mountbatten. Cikinsu har da na tunawa da 'yarta Alice, wadda ta rasu ranar 14 ga Disambar 1878, shekara 17 cif bayan mahaifinta. Waɗannan kayan makokin uwa ne, wasu da silin gashi a ciki, kuma su ma an buga musu guduma.