Albashi mai tsoka ko zama a gida: Zaɓin da na yi

Hausawa na cewa da rashin tayi akan bar arha, amma ni abin da ya hana ni barci a bara shi ne tayi ya zo mini har biyu a wata guda. Bayan shekara goma sha biyar ina rubuta manhajar kwamfuta, wani banki a Legas ya neme ni da muƙamin shugaban sashe da mota da fansho. Wani kamfani na Turai kuma ya ce in yi masa aiki daga duk inda nake, zai biya ni da dala, amma kwantiragi ne na shekara guda, ba muƙami ba fansho. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Abokai suka ce in ɗauki dala, domin tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye kusan Naira 460 ta haura Naira 1,500 a 2024. Yayyena kuma suka ce banki, saboda dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba 8. Sun kuma tuna mini cewa Meta ta sallami ma'aikata 11,000 a 2022, Google ta sallami 12,000 a 2023. Ke nan wanda ke kwantiragi daga nesa, saƙo ɗaya ya isa ya raba shi da abincinsa. Kowannensu da gaskiyarsa.

Sai dai a ganina, wanda ya ƙware a sana'a akwai tambayar da ta fi albashi nauyi a kansa: a ina aikin zai ajiye shi, kuma wa zai amfana da iliminsa? Matashin da ke neman ƙafar farko dole ya bi aiki duk inda ya kai shi. Wanda ya riga ya yi suna kuwa yana da ikon ciniki, kuma abin da ya kamata ya yi ciniki a kai shi ne wurin zama.

Na zaɓi kamfanin Turai don ya bar ni in dawo Yelwa. Ban yi haka da ka ba. Na sa an rubuta wa'adin sanarwa kafin sallama, na ware kason fanshona da kaina, na kuma tanadi abin da zai riƙe iyali wata shida idan aikin ya tsaya.

Wahalar da na tarar ita ce ta wuta. Dam ɗin Kainji da aka kammala a 1968 ya tashi mutane kimanin 44,000 daga gidajensu a ƙasashen Yauri da Borgu, amma ga ni a bakin tafkin ina dogara da hasken rana da batir. Intanet kam ta yi sauƙi tun da Starlink ta shigo Nijeriya a 2023.

Me Yauri za ta samu? A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Warrah a Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta, alƙaluman fasinjoji kuma suka yi ta saɓa wa juna. Manhajar da za ta riƙa rubuta sunan fasinja da nauyin kaya a wayar salula, aikin 'yan makonni ce ga ƙwararre. Haka nan farashin kifi da albasa ga masunta da manoman Shanga. Injiniyan da ke Legas ba zai ga waɗannan ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu haka yara huɗu na zuwa wurina kowace Asabar suna koyon sana'ar.

Ina kira ga hukumar HYPPADEC da gwamnatin Jihar Kebbi su samar da cibiya mai wuta da intanet a Yauri. Ku kuma 'yan'uwana ƙwararru, idan tayi ya zo, ku sa gida a kan sikeli kafin ku sa hannu. Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, amin.