Motar Rimot: Mai Gudu Ko Mai Rarrafe? Magana Ga Masu Saye Da Masu Rubutu

Makalar wannan mako a kan motar wasa take, irin wadda ake tuƙawa da rimot. Mun san wani ya riga ya taɓe baki. A daure a karanta zuwa ƙarshe, in ya so sai a yi mana raddi.

Duk Sallah, ƙarama da babba, teburan masu kayan wasa a Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara sukan cika da motocin rimot masu ƙyalli, ja da shuɗi, an zana musu harshen wuta a gefe, kwalin yana alƙawarin gudu kamar iska. Uba ya zaro kuɗin da ya yi gumi a kansu ya saya, yaro ya kwana da ita a rungume. Kafin a gama yawon Sallah taya ɗaya ta fita, ko haƙoran giyar ciki sun cinye, inji yana ta kuka mota tana tsaye. Sai a ce yaron ne maɓarnaci, a rufe shi da faɗa, wani ma ya sha mari. Mu kuwa muna cewa a sakar wa yaron nan kunne. Laifin na wanda ya zaɓa ne, domin da ido ya zaɓa.

Mota mai gudu don falo mai tayil da kwalta mai santsi aka ƙera ta. Cikinta kusan yana shafar ƙasa, tayoyinta busasshiyar roba ce, kuma a mafi yawansu biyu kaɗai ke ja. To ina tayil a tsakar gida a Sabuwa? Abin da muke da shi tsakuwa ce da rairayi da burji, da ramin da ruwan indararo ya haƙa, da dokin ƙofa. Ka saki mai gudu a irin wannan wuri, kamar ka sa dokin sukuwa ya ja garma ne.

Akwai wata iri da ba a cika kawowa teburan Sallah ba. Masu sayar da ita a intanet suna kiranta rock crawler, mu dai bari mu ce mata mai rarrafe. Gudunta bai wuce tafiyar mutum da ƙafa ba, kuma da gangan aka yi ta haka. An jera mata giya yadda injin zai yi juyi da yawa kafin taya ta yi juyi ɗaya, sai gudun ya koma ƙarfi. Tayoyi huɗun duk suna ja. Robarsu mai laushi ce, da soso a ciki maimakon iska, tana lanƙwashewa ta rungumi dutse. Ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba, da wanda ke haɗa na baya, kowanne yana iya karkata shi kaɗai, ta yadda tayar hagu za ta hau dutse ta dama tana cikin rami, kuma dukansu suna taɓa ƙasa.

Ga kuma wani sirrin da duk wanda ya taɓa tura mota a laka a hanyar ƙauye da damina zai gane nan take. A babbar mota akwai giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama, don a iya shan kwana. Illarta ita ce idan taya ɗaya ta faɗa taɓo ko ta rataye a sama, sai ƙarfin ya tafi gare ta, ta yi ta wulwulawa a banza, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye. A mai rarrafe an kulle wannan giya. Tayoyin tare suke juyawa, don haka ko ɗaya ce kaɗai ta samu abin kamawa, za ta ja sauran. Nauyinta kuma an sauko da shi ƙasa-ƙasa, shi ya sa take hawa gangare ba ta kife da baya ba.

To mai son saye, me zai duba? Ya fara da rimot ɗin. Tsofaffin suna aiki a kan zango 27MHz, kuma idan yara biyu suka zo da irinsu wuri ɗaya, rimot ɗin wannan zai riƙa juya motar wancan, daga nan sai dambe. Na yanzu 2.4GHz ne, kowace mota da nata. Sannan ya ja kunamar a hankali ya gani. Idan motar ta tashi a hankali, ta ƙara ƙarfi gwargwadon yadda yatsa ke ƙara ja, to ta yi. Idan kuwa ba ta san komai ba sai tsayuwa cik ko fizga gaba ɗaya, ya ajiye ta, ko da an rubuta mata sunan mai rarrafe da manyan baƙaƙe. Haka sitiyarin ma, ya zama ana iya karya shi kaɗan ko da yawa. Irin waɗannan jabun sun fi yawa a kasuwa: manyan tayoyi a waje, cikin kuwa na mai gudun nan ne.

Daga nan ya kifa ta ya dubi cikinta. Sukurori yake gani, ko narkakkiyar roba aka liƙe? Wadda ake kwancewa da sukundireba, mai gyaran rediyo ko mai gyaran waya na bakin kasuwa zai iya ceto ta. Wadda aka liƙe, ranar da ta tsaya ranar jana'izarta ce.

Batir kuwa shi ne inda mutanenmu suka fi asara. Motar da ke cin batiran tocila guda shida duk kwana biyu, a wata ɗaya za ta cinye kuɗin da aka saye ta. A nemi mai batirin da ake cirewa a yi masa caji da wayar USB, wanda ƙaramin sola ko fawa-banki zai cika shi. Mu da ke nan mun san dalili. Wutar NEPA baƙuwa ce, kuma ba mu manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma hana masu shagon cajin waya sana'arsu a yankin saboda matsalar tsaro. Duk abin da rayuwarsa ta dogara da shagon caji, a lokacin ya zama kwalliyar kan kabad. Gargaɗi ɗaya dai: batirin litiyom mai laushin jiki, wanda ake kira LiPo, ba ya son rana, ba ya son huji. Kada a bar shi a kan katifa yana caji a kwana, kuma in ya kumbura a raba shi da yara, domin yana iya kamawa da wuta. Zafin bazararmu ba wasa ba ne.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Fitattun kamfanonin na Amurka ne. Traxxas suna da TRX-4, wadda girmanta kashi 1 cikin 10 ne na mota ta gaskiya, tsawonta kamar rabin mita, kuɗinta ya haura dala 400. Axial suna da SCX24, 'yar ƙarama da za ta zauna a tafukan hannu, ita ma ta haura dala 100. Motoci ne masu kyau ƙwarai, amma duk wanda ya ba ɗan Faskari shawarar ya fara da su bai yi masa adalci ba, domin ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye, daga ƙetare zai jira shi. Na kamfanonin Sin irin su WPL da MN, masu girman kashi 1 cikin 16 ko cikin 12, suna ƙasa da dala 100, ana kwance su da sukurori, kayan gyaransu kuma suna da araha. Giyarsu ta roba takan cinye, gaskiya ne, amma ana sayar da ta ƙarfe a maye gurbinta. Mai yi don nishaɗi bayan la'asar bai buƙaci fiye da haka ba.

Yanzu ga masu taɓe baki. Mun san hujjarku: a yankin da ake tare hanya, ake kwashe mutane daga gona, wane mai hankali ne zai zauna yana zancen motar wasa? Muna jin nauyin wannan magana, mu ma a nan muke kwana. Amma ku tuna da wani abu. Ranar 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana a Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, waɗanda aka sako 344 bayan kwana shida, makarantar nan ta kimiyya ce. Yaran da iyayensu suka tura su koyi yadda wuta ke bin waya da yadda inji ke juyawa. Duniya ta san su a hoto, ƙafa ba takalmi, jiki duk ƙura. Marubutanmu nawa ne suka taɓa tambayar me waɗannan yara suke ƙerawa da hannunsu lokacin hutu? 'Yan bindiga sun raba yaranmu da daji da gona da duwatsun bayan gari. Idan mu ma muka ce zancen wasansu haramun ne sai an samu zaman lafiya, to mun taya su ƙarasa aikin.

Dubi Faskari, garin da duwatsu suka kewaye. A da yara can suke wuni, suna hawa suna zamewa. Yau iyaye da yawa ba sa barin ɗa ya yi nisa da gida, kuma ba wanda zai ga laifinsu. A nan ne mai rarrafe ta fi mai gudu ta wata fuskar: ba ta buƙatar fili. Tsibin duwatsun gini a ƙofar gida, da guntun bulo biyu, da katako ɗaya a matsayin gada, sun ishi yara biyar wasa har magariba, uwa tana jin muryarsu daga tsakar gida. Mai gudu kuwa titi take nema, titin da babura ke bi.

Kuma kada mu yi kamar abin baƙo ne a wurinmu. Tun kafin motar rimot ta zo, yaranmu suna ƙera motar kara da motar langa-langa da ta waya mai dogon sitiyari, suna yanka tsohon silifas su fitar da taya, suna sa murfin kwalba a matsayin fitila. Na yanzu sun ƙara gaba, suna ciro ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset ko na DVD, su haɗa da batirin waya, mota ta tashi. Yaron da ya sa wa motarsa ta waya sifirin don kada ta kife a kan kunya, matsalar da injiniyoyin Traxxas suke warwarewa ita yake warwarewa, da abin da ya tsinta a bola. Me muke ce masa? Wasan banza, tashi ka ɗebo ruwa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, har ya zo ya shugabanci hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta Najeriya a 2017, daga zanen mota yana yaro ya fara, kuma ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya bi kafin ya tafi Amurka. Ba muna cewa kowane mai motar kara zai zama Jelani ba. Muna cewa uban da zai kashe kuɗi a kan motar Sallah, da ya sayi wadda ake kwancewa ya haɗa wa ɗansa da sukundireba, da ya fi masa.

Manya kuma da ke jin kunyar a gan su da rimot a hannu, abin dariya ne. Magidanci zai wuni a gindin bishiya yana dara ko ludo, saurayi zai ƙarar da kuɗinsa a gidan gem, mai kiwon tattabaru zai yi awa biyu yana kallon sama, ba wanda ya ce musu yara. Sai mai motar rimot ne ya girmi wasa?

Mu dawo kanmu, tunda zauren marubuta ne. A littattafan da muke saki a WhatsApp da Wattpad, motar rimot tana fitowa, amma a layi ɗaya: Alhaji ya dawo daga Dubai ya kawo wa ɗan auta tsaraba. Shaidar kuɗi ce kawai, kamar agogon hannu da turare. Ba ta taɓa lalacewa, ba a taɓa neman batirinta, ba yaron maƙwabta da ke leƙe ta katanga. Idan kuma labarin ya sauka yankinmu, sai bindiga da kuka da kuɗin fansa daga shafin farko zuwa na ƙarshe, kamar ba a taɓa dariya a Sabuwa ba. Duka biyun lalaci ne. Na farko bai taɓa riƙe abin da yake rubutu a kai ba, na biyu daga labaran rediyo ya san garin da yake iƙirarin nasa ne. Mai karatu ba zai ji zafin sace yaro a labarinku ba sai in kun fara nuna masa yaron durƙushe da ƙusa a baki yana neman yadda taya za ta daina fita.

Don haka ga aikin da muke ba masu son gwadawa a wannan mako. Ku nemi yaron unguwarku da ya fi kowa iya ƙera mota, kowace unguwa tana da irinsa. Ku nemi izinin iyayensa, ku zauna kusa da shi, ku yi shiru. Ku lura da inda yake samo waya, da abin da yake yi idan batir ya mutu, da wanda yake ba aron tuƙi da wanda yake hanawa. Ku tambaye shi sunan kowane ƙarfe da ke jikin motar, ku rubuta yadda ya faɗa, domin da yawa daga cikin sunayen nan ba za ku same su a ƙamusun Bargery na 1934 ba. Shafi biyu sun isa. A turo kafin Juma'a.