Kada a biya ɗan kwangila sai ya miƙa taswirar wayoyi

A bazarar da ta wuce na tsaya a wata tashar ruwa mai aiki da hasken rana a wani ƙauye tsakanin Gumel da Sule Tankarkar. Famfo lafiyarsa ƙalau, faifan sola ma haka, amma tanki wayam. Mai gyaran da aka ɗauko ya buɗe akwatin sarrafa famfon, ya tarar da wayoyi a cukurkuɗe, babu lamba, babu takarda. Ya yini yana lalube. Daga ƙarshe ya tsallake na'urorin awo, ya haɗa famfon kai tsaye. Ruwa ya dawo, amma yanzu babu abin da zai kashe famfon idan tanki ya cika ko ruwan rijiya ya ja baya, kuma famfon da ke juyawa a bushe ƙonewa yake yi.

Ba laifin mai gyara ba ne. An miƙa aikin ne ba tare da taswirarsa ba.

Ga abin da taswirar ke yi. A tashar da aka tsara da kyau, na'ura tana auna yawan ruwa, ta aika saƙon lantarki zuwa akwatin sarrafawa, shi kuma ya kunna famfo ko ya kashe. Saƙon yakan kasance tsakanin miliamfiya 4 da 20: 4 tanki fanko, 20 tanki cike. Idan mita ta nuna sifili, waya ce ta tsinke ko wuta ta yanke. Injiniyoyi na zana kowane irin wannan kewaye a shafinsa, da lambar kowace na'ura da inda kowace waya ta shiga. Akwai ma ƙa'idar zanen, ISA-5.4. Da wannan takarda a hannu, aikin yini guda ba zai wuce sa'a ɗaya ba.

Za a ce wannan tsarin matatar mai ne, ya fi ƙarfin rijiyar ƙauye. To, ai ƙauyen ne ba shi da injiniya a kusa. Za a ce tsada. AutoCAD Electrical da EPLAN na kuɗi ne, gaskiya, amma QElectroTech kyauta ce, kuma ƙaramar kwamfuta na ɗaukarta. Haɗarin da na yarda da shi ɗaya ne: manhaja tana sauƙaƙa wa malalaci ya kwafo zanen wani aikin ya sauya suna. Taswirar ƙarya ta fi rashin taswira illa.

Don haka nake kira ga Hukumar Tantance Ayyukan Kwangila ta Jihar Jigawa da hukumomin samar da ruwa: a rubuta cikin kowace kwangila cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa taswirar aikin kamar yadda aka haɗa shi, an bi ta waya bayan waya an tabbatar. Kwafi ɗaya a liƙa cikin ƙofar akwatin, ɗaya a ajiye a kwamfutar ƙaramar hukuma.

Muna fatan masana'antu a Gagarawa da yankin ciniki na Maigatari, inda irin waɗannan kewaye za su kai ɗaruruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu fara da rijiya.