A bar wa dattawa kujerar taga

Da an shiga jirgin alhazai a Lome, sai ka ga matasa na rige-rigen kujerar taga don ɗaukar hoto, tsoho kuwa a cusa shi tsakiya. Gaskiya wannan bai dace ba.

Dattijon Dapaong ya sha fiye da kilomita 600 a mota kafin ya iso Lome, na Sokode ma ya haura 300. Shekara da shekaru yana tara kuɗin kujerar nan, wataƙila kuma daga wannan hawan ba wani. Ta taga ne zai hango hamada da Bahar Maliya, ya tuna kakanninmu da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa har Sawakin, wasu ma ba su dawo ba.

Mai rakiyar iyaye, nemi kujerar tun wajen awon kaya. Guji layin da ke kan fiffike, ƙarfe kawai za a gani. In Baba na yawan zagayawa, bakin hanya ya fi masa sauƙi, amma a tambaye shi tukuna. Kai yaro, in da rai, tafiye-tafiye na gabanka.