Kasuwar kabon: Wa zai ci moriyar bishiyar da manomi ya raina?

Duk wani abu mai rai, daga ƙwayar gero zuwa ɗan Adam, da sinadarin kabon aka gina jikinsa. Kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin mutum kabon ne, haka ma kusan rabin nauyin busasshen itace. Bishiya tana zuƙo shi daga iska da taimakon hasken rana, ta adana shi a saiwa da rassa. Da zarar an sare ta an ƙona, sai ya koma sararin sama ya ƙara ɗumamar duniya.

Wannan ajiya ta zama haja. Kamfanonin da ke gurɓata iska suna biyan kuɗi don a bar dazuka a tsaye, su cire abin da itatuwan suka adana daga lissafin hayaƙinsu. A 2021 Najeriya ta kafa Dokar Sauyin Yanayi, ta kuma yi alkawari a taron Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take shanyewa ba. A 2022, a taron Sharm el-Sheikh na Masar, aka ƙaddamar da shirin kasuwannin kabon na Afirka.

Sai dai a Arewa bishiya tana da wani mai saye da ke biya nan take: ɗan gawayi. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da dama kan gawayi da itace. Manomin da ke neman kuɗin taki ba zai jira alkawarin taron ƙasa da ƙasa ba.

Maƙwabtanmu sun nuna mafita. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, manoma sun raya miliyoyin itatuwa, musamman gawo, ta hanyar kula da tohon da ke fitowa a gonakinsu, bayan da suka samu tabbacin cewa amfanin bishiyar nasu ne.

Don haka kafin gwamnonin jihohi su sa hannu a kowace yarjejeniyar kabon, wajibi ne majalisun dokoki su nemi a bayyana ta ga jama'a: wane daji ne, shekara nawa za ta ɗauka, kuma nawa ne rabon manomi da makiyayi. Idan kuɗin ya tsaya a Abuja da manyan biranen jihohi, gatari zai ci gaba da aikinsa a ƙauye.